Ɗan Nijeriya Da Ya Tsare Wa Ailan Gida

Mutanen Kafanchan da Zonkwa sun daɗe da sanin ƙasar Ailan, domin daga can ne fada-fada da sistoci da yawa suka zo suka kafa makarantu da asibitoci a kudancin Kaduna. Amma ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin gwanayen ƙwallon ƙafa da Ailan ta fi ji da su jininmu ba ne.

Sunansa Paul McGrath. An haife shi a Landan ran 4 ga Disamba, 1959. Mahaifiyarsa 'yar Ailan ce, mahaifinsa kuwa mutumin Nijeriya, wanda ya yi ɓatan dabo tun yaron bai zo duniya ba. Saboda haka a gidajen marayu na birnin Dublin ya tashi, baƙin yaro a tsakiyar Turawa.

Daga ƙungiyar St Patrick's Athletic, Manchester United ta ɗauke shi a 1982, ya ci kofin FA da ita a 1985. Sai dai abu biyu suka sa shi gaba, watau ciwon gwiwa da kuma giya. A 1989 Alex Ferguson ya sayar da shi ga Aston Villa, jama'a na cewa tasa ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Ko da yake gwiwar ba ta barinsa yin atisaye sosai, a 1993 'yan wasan Ingila suka zaɓe shi gwarzonsu na shekara.

Ranar da ba a mantawa ita ce 18 ga Yuni, 1994, a gasar cin kofin duniya a Amurka. Ailan ta doke Italiya da ci ɗaya da nema. McGrath ya shiga fili hannunsa na hagu ba ƙarfi, duk da haka ya hana Roberto Baggio sakat. Shi wannan Baggio ɗin ne, bayan kwana 17, ya zura mana ƙwallo biyu ya fitar da Super Eagles. Wanda ya kalli wasannin nan biyu ba zai rasa tunanin yadda za ta kaya ba da a ce a bayanmu McGrath ya tsaya.

Ya buga wa Ailan wasa 83 kafin ya rataye takalmi a 1998.