Faɗin Fuskar Waya da Aljihun Mutumin Bakin Iyaka

Wanda duk ya tsaya gaban teburin mai cajin waya a Tsamiya ko Lolo, garuruwan yankin Bagudo da ke bakin iyakar Najeriya da Benin, ranar kasuwa, zai ga zamani biyu kwance a kan katako ɗaya. Ga ƙananan wayoyi masu madannai da tocila, waɗanda matasa ke yi wa ba'a da sunan rakani-kashi, wata ma an ɗaure murfinta da roba don kada batir ya faɗo. Ga kuma manyan wayoyin shafawa, Tecno da Itel da Infinix, kowace da fuska kamar ƙaramin allon almajiri, da yawansu gilashin ya dare daga kusurwa kamar saƙar gizo. Mai caji ya liƙa wa kowace 'yar takarda mai lamba, janareto na ta ƙugi a bayan rumfa. Ƙananan sai su yi kwanaki ba su leƙo teburin ba. Manyan kuwa kullum suna nan kamar masu biyan bashi. Abin da teburin yake nunawa shi ne, faɗin fuskar waya riba ce ga wanda aikinsa na ido ne, haraji ne kuma ga wanda aikinsa na kunne da hannu ne. Matsalar ita ce yawancin masu saye ba sa tambayar kansu a wane ɓangare suke kafin su zare kuɗi.

Girman nan ba mu muka zaɓe shi ba. iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, fuskarta inci 3.5 ce. Da Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3 a 2011, masu sharhi da dama ba'a suka yi mata, suna ganin ta yi girma da a kara ta a kunne. Yau wayar talaka da ake sayarwa a Birnin Kebbi ko kasuwar Farm Centre ta Kano takan kai inci 6.6, wato filin fuskarta ya kusa ninka na waccan iPhone sau uku. Apple ma ya janye ƙaramar iPhone ɗinsa, mai suna mini, daga kasuwa a 2023. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda shi ne uwar Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne da abin da ya gane mutanenta na so: wurin layi biyu, batir mai jimiri, farashi mai sauƙi, sai kuma fuska mai faɗi. Saboda haka mutumin Bagudo da ya shiga shago ba ya zaɓe tsakanin babbar wayar shafawa da ƙarama. Zaɓinsa tsakanin babbar da mai madannai ne, ko ya haɗa biyun.

A bakin iyaka, amfanin babbar fuska ba abin musu ba ne. Wanda ke safara tsakanin Tsamiya da Segbana, ko tsakanin Lolo da kasuwar Malanville, rayuwarsa a kan kuɗi biyu take, naira da sefa, da harshen takarda biyu, Turanci da Faransanci, da layin waya na ƙasa biyu. Tun da ƙarancin takardun naira ya ƙuntata wa mutane a farkon 2023, tiransifa ta shiga har cinikin buhun shinkafa da na ɗan akuya, kuma OPay da Moniepoint suka zama sunayen da ƙauye ya sani. A irin wannan ciniki sifili ɗaya shi ne tsakanin riba da karyewa. Fuskar da ke nuna sunan mai karɓa, da lambar asusu, da adadin kuɗi, duka a lokaci ɗaya kuma da manyan baƙaƙe, tana hana kuskuren da ba a iya gyarawa bayan mota ta tashi. Tana kuma taimakon mai kaya ya buɗe asusunsa ya duba da idonsa ko kuɗi sun shiga, maimakon ya yarda da hoton rasit ɗin da mai saye ya nuna masa, domin alat na bogi ya riga ya zama sana'ar wasu. Haka dillalin shanu da ke tura bidiyon sa ta WhatsApp zuwa Legas: mai saye na son ganin tozo da ƙafa da haƙori, shi kuma dillali na son ganin abin da ya ɗauka kafin ya tura. Takardar Faransanci da ta gagari mutum, yana iya ɗora mata kyamara waya ta juya masa ita, in akwai sabis. Wannan duk aikin ido ne, kuma ido fili yake so.

Akwai wasu rukunan da ba a cika lissafawa da su ba. Idan mutum ya haura shekara arba'in, ganinsa na kusa yakan fara ja da baya, shi ya sa za ka ga dattijo yana miƙa hannu nesa da fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Inda samun tabarau na asibiti ke buƙatar tafiya, wayar da za a ƙara wa girman rubutu har Alƙur'ani ya karantu a kanta ba ƙaramar rahama ba ce. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, sau da yawa wayar yayansa ita ce kwamfutar da ya taɓa riƙewa kafin ranar. Matar da ke sayar da atamfa da turare daga cikin ɗakinta, fuskar waya ce shagonta. Ga waɗannan, waya ita ce talabijin, ita ce littafi, ita ce ofis, kuma duk wanda ya ce musu su koma ƙarama bai yi musu adalci ba.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fuskar waya tana cikin abubuwan da suka fi shan batir, kuma iya faɗinta da haskenta iya shanta. Masu kare babbar waya kan ce ai babban jiki shi ke ba da wurin babban batir, kuma gaskiya ne, yawancinsu yanzu suna zuwa da mai ƙarfin 5,000. Sai dai wannan lissafin na birni ne. A ƙauyukan da ke nesa da turken sabis, waya na ƙara ƙarfi ne tana lalubo sigina, kuma a bakin iyaka takan yi ta kai-kawo tsakanin sabis ɗin Najeriya da na Benin. Wannan kaɗai yana zuƙe caji ko ba a taɓa ta ba. Ƙara da ranar Kebbi. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba a ganin komai a fuskar waya sai an ƙure haskenta, ƙure haske na ƙara mata zafi, zafi kuma shi ne babban abokin gabar batirin zamani: yana tsufar da shi, wani lokaci har ya kumbura ya ɗaga murfi. Sannan babban batir yana daɗewa kafin ya cika, abin da ke da muhimmanci inda wuta ba ta da tabbas kuma mai caji na rufe rumfa da magariba. Ga kuma abin da ba a faɗa a shago: babbar fuska tana kiran bidiyo, bidiyo na kiran data, kuma tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kallon TikTok na dare ɗaya ya zama abin da aljihu ke ji da safe. Kuɗin da aka biya a shago somin-taɓi ne.

Shi kansa adadin incin da ake rubutawa a kwali yana ruɗar mutane. Ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace, kuma wayoyin yanzu tsawo suka ƙara fiye da faɗi. Waya mai inci 6.6 faɗin fuskarta bai wuce santimita bakwai ba. Ragowar duk tsawo ne, shi ya sa idan aka kwantar da ita don kallon bidiyo ake ganin baƙin fili a gefe da gefe. Abin da ke sa rubutu ya fito tas shi ne yawan ɗigon da ke cikin fuskar. Yawancin masu araha ɗigo 720 ne a faɗi, 1600 a tsawo, masu ɗan tsada kuwa 1080 da 2400, a fili iri ɗaya. Wato ana iya samun wayoyi biyu masu girma ɗaya, ɗaya rubutunta kamar an buga a inji, ɗaya kamar an shafa masa ruwa. Kamfani ya san inci ne ke sayar da kaya, don haka idan zai rage farashi ba ya rage faɗi. Yana ragewa ne a haske, da ingancin gilashi, da ƙwaƙwalwar wayar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Gwajin da ya fi karanta kwali shi ne mai saye ya fito da wayar daga inuwar shago zuwa tsakiyar rana, ya buɗe saƙo, ya ga ko zai iya karantawa ba tare da ya yi mata rumfa da tafin hannu ba.

Inda babbar waya ta fi cutar da mai ita shi ne a jikin aiki. Ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar fasinja a hanyar Illo hannu ɗaya gare shi na amsa kira, babban yatsa kuma ba ya kaiwa saman fuska mai tsawon santimita goma sha biyar, sai ya sassauta riƙo, daga nan sai ƙasa. Aljihun gaba na riga ba ya haɗiye ta, kanta a waje yake. Manomin fadama ya sunkuya ya gyara kan injin ban-ruwa, sai ya ji ta a cikin laka. Masunci da mai tuƙa kwale-kwale a kogin Kwara hannunsu a jiƙe yake wuni, gilashin shafawa kuma ba ya jin yatsa mai ruwa yadda ya kamata. Idan ta fashe, fuskar ce mafi tsada a cikin kayan gyara. Ba a yin ta a nan, daga waje take shigowa ta Legas ko Kano, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023 duk abin da ke shigowa da dala ya yi tsalle. Mai gyara kan tambaya, orijina ko kwafi? Wanda aljihunsa ya zaɓar masa kwafi yakan koma gida da fuska mai dishi-dishi wadda wani gefenta ba ya amsa taɓi. Shi ya sa ake ganin mutane na ci gaba da shafa fasasshen gilashi wata da watanni. Akwai kuma zancen sirri, wanda ba a cika kula da shi ba: a motar haya da aka cusa mutum huɗu a kujerar baya, fuska mai faɗi tana karanta wa maƙwabci lambar sirri da ragowar kuɗin asusu, kuma a kasuwa tana sanar da ɓarawo aljihun da zai bi.

Wani zai ce wanda bai yi boko ba ai shi ya fi kowa buƙatar babbar fuska, tunda da hoto da alama yake gane hanya. Akwai gaskiya a nan, ba kaɗan ba. Hoton fuskar mutum a jikin lambarsa ya fi jerin baƙaƙe sauƙi, kuma saƙon murya ya buɗe wa masu Dandanci da Fulatanci da Zabarmanci ƙofar da rubutu ya rufe musu. Amma wannan hujja ce ta mallakar wayar shafawa, ba ta neman wadda ta fi kowace faɗi ba. Saƙon murya kunne yake shiga, kuma alamar makirufo ɗaya ce a inci shida da inci bakwai. Wani kuma zai ce maganar nan ta raina talaka ce, ana so a bar shi da tocila alhali duniya ta yi gaba. Ni a ganina rainin yana wajen wanda ya sayar wa manomi waya da kuɗin buhunan shinkafarsa, bai gaya masa nawa fuskarta take ba idan ta fashe. Ba kuma za a ɓoye ba, wani sayen na ado ne: a ajiye ta kan tabarma a majalisa a ga faɗinta, ko a saka ta cikin kayan aure don kada dangi su yi magana. Ado ba laifi ba ne, matuƙar mai yin sa ya san ado yake saye.

Masu safarar iyaka sun riga sun samo wa kansu mafita ba tare da wani ya koya musu ba, kuma ina ganin tasu ta fi ta masu talla hankali. Waya biyu suke riƙewa. Mai madannai tana aljihu, ita ke shan rana da ƙura da faɗuwa, ita ke amsa kira a kan babur, kuma da ita ma ana tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro, ba tare da data ba. Babbar tana cikin jaka da rigarta ta roba da gilashin kariya, ba ta fitowa sai an zauna: lokacin lissafi, lokacin duba alat, lokacin ɗaukar hoton kaya. Tsarin yana da nasa wahala, domin caja biyu ce, kuma sai an yi tunanin wane layi zai zauna a wace waya. Wanda ya lura yakan bar layin da bankinsa ya sani a cikin wadda ba ta barin jikinsa, ya sa na data a babbar, layin MTN ko Moov na Benin kuma ya jira a rami na biyu har a tsallaka.