Kafin Ka Zuba Kuɗi a Keke, Tambayi Hanyarka da Mai Gyaranka

Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi jihar Damagaram ta Magariya da Matamaye ya daina arahar da aka san shi da ita. Ƙarancin man da ya buga ƙasar Nijar a watan Maris na 2025 ya ƙara tuna wa jama'a cewa babur yana da ranar da zai ƙi tashi. Wannan ya sa keke ya sake samun daraja wurin ɗan makaranta, da malamin ƙauye, da mai lambu, da matashin da ke son motsa jiki. Sai dai da yawa suna sayen keke ko kayan gyaransa da ido kawai: fenti mai ƙyalli, giya mai yawa, suna babba. Bayan wata biyu sai keken ya koma jingine a zaure.

Wanda ya zaga kasuwar Dole a birnin Zinder, ko wata kasuwar mako a karkara, zai ga kekuna iri uku. Akwai baƙin keken da iyayenmu suka hau, samfurin Raleigh na Ingila, wanda har masana'antarsa aka taɓa kafawa a Kano, tare da ƙannensa Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Akwai keken dutse mai ƙatuwar taya, yawanci na gwanjo daga Turai. An ƙirƙiro shi a tsaunukan gundumar Marin ta Kalifoniya a shekarun 1970, kuma ya cika kasuwa bayan kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper a 1981. Na uku shi ne keken tsere, siriri mai lanƙwasasshen kai, irin wanda ake fafatawa da shi a gasar Tour du Faso tun 1987, irin wanda Biniam Girmay ɗan Eritriya ya ci koriyar riga da shi a Tour de France ta 2024.

Kowanne an ƙera shi ne don ƙasar da zai taka. Mu kuwa tamu ƙasar kashi-kashi ce. Akwai kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta fita daga Zinder ta ratsa Mirya da Gidimuni ta nufi Gure. Da ka sauka daga kanta zuwa ƙauyukan gundumar Damagaram Takaya, wadda aka cire daga Mirya a 2011, sai yashi, da burji, da ƙaya. Ga kuma duwatsun da suka fara tun daga unguwar Birni ta Zinder har zuwa tsaunukan Muniyo. Saboda haka tambayar farko ba "wane keke ya fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: ina za ka bi, me za ka ɗauka, kuma wa zai gyara maka in ya lalace?

Taya ce farko

Duk kuɗin da za a kashe wa keke, wanda aka sa a taya shi ne ake ji a jiki tun ranar farko. Siririyar tayar tsere, mai faɗin milimita 25 zuwa 28, tana gudu a kan kwalta saboda ana cika ta da iska sosai, amma da ta shiga yashi sai ta yanke shi ta nutse. Tayar keken dutse mai faɗin inci 2 ko fiye tana baza nauyi a fili mai faɗi, don haka take hawa kan yashi maimakon ta lume. In aka ɗan rage mata iska, sai ta ƙara shimfiɗuwa. Amma a rage da hankali: iska in ta yi kaɗan, dutse zai matse tub a jikin rim ya huda shi wuri biyu. Mai bin kwalta da burji a haɗe, taya mai faɗin milimita 38 zuwa 47 marar manyan ƙuraje ta wadace shi. Ƙurajen nan masu tsini don laka da gangaren dutse aka yi su. A kan kwalta ƙara kawai suke yi, suna cin ƙarfin mahayi.

Wurin da aka fi tafka asara shi ne awon taya. Lambobin 26 da 27 da 28 da ake kira a kasuwa suna ruɗarwa. Abin dogaro shi ne wata lamba da aka rubuta a gefen taya, misali 40-635. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin da'irar rim ne, duka a milimita. Baƙin keke mai inci 28 yana ɗaukar 635. Keken tsere na yau da keken dutse mai inci 29 suna ɗaukar 622. Tsohon keken dutse mai inci 26 nasa 559 ne, mai inci 27.5 kuma 584. Tayar 622 ba za ta hau rim na 635 ba ko da an kira su duka "28". Wanda ke zaune nesa da birni ya tabbata lambar kekensa tana samuwa a kasuwar da yake ci, tun kafin ya biya kuɗin keken.

Sai maganar ƙaya. Tsaido da ke kwance a ƙasa, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, su ne abincin masu faci. Tayoyi masu kyau suna da shimfiɗar kariya a ƙarƙashin roba. Wanda ba shi da halin saye, sai ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub. Yana rage huda ko da bai hana duka ba. Akwai kuma tayoyi marasa tub da ake ɗura wa wani ruwan roba mai toshe ƙaramar huda da kansa. Dabara ce mai kyau, sai dai ruwan yana bushewa cikin ƴan watanni, zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 kuma yana gaggauta bushewar. In ba ka da inda za ka samu na ƙari, tub da faci sun fi maka kwanciyar hankali.

Wili da kaya

Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Wanda ya ɗaura huɗu ya aza wa wilin baya kilo 100, ban da nasa nauyin. Wilin tsere mai wayoyi 20 ko 24 ba don haka aka yi shi ba. Mai ɗaukar ruwa, ko buhun gero, ko kayan lambu daga Gidimuni, ya nemi wili mai wayoyi 36 masu kauri, da rim mai bango biyu. Waya ɗaya in ta tsinke, a canza ta a ranar, domin nauyinta yana komawa kan maƙwabtanta, su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya har wili ya karkace. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera kekenta mai suna Buffalo don karkarar Afirka, ƙarfe mai nauyi ta zaɓa, da kariya mai ɗaukar kilo 100, ba yawan giya ba. Wannan darasi ne ga mai saye.

Sarƙa da giya

Lissafin giya ba wuya gare shi ba. A ƙirga haƙoran babban farantin gaba, a raba da na ƙaramin baya. Baƙin keke mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya yana tafiyar kusan mita 5 da rabi duk zagayen feda ɗaya. In aka sa masa mai haƙora 22 a baya, tafiyar ta koma kusan mita 4 da rabi, amma tuƙi ya yi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ga mai kaya ko mai ratsa yashi, wannan ɗan canji, da ƙarin ƴan gaɓoɓin sarƙa, ya fi masa amfani da sayen sabon keke.

Keke mai giya kuwa yana da ƙa'idar da ba a tsallakewa: kayansa sai sun dace da juna. Yawan faranta a baya, da abin canza giya na hannu, da kaurin sarƙa, dole su zama na gida ɗaya. Sarƙa guda tana yi wa faranti 6 da 7 da 8 aiki, amma daga 9 zuwa 12 kowanne da tasa, kuma kullum ƙara sirancewa take. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921, ya jera kayansa hawa-hawa: na dutse daga Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore har XTR, na tsere daga Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra har Dura-Ace. SRAM na Amurka da Campagnolo na Italiya su ma da nasu jerin. Abin da ake biya a saman jerin shi ne rashin nauyi da saurin canza giya, abubuwan da ɗan tsere ke nema. Yashi bai san tsada ba. Yadda yake cin sarƙar Altus haka yake cin ta XTR. Ga yawancin mahaya a Damagaram, faranti 7 ko 8 sun isa, sarƙarsu ta fi kauri, ta fi araha, ta fi samuwa.

Babban makashin sarƙa shi ne baƙin man inji da ake kwarara mata. Man yana kama ƙurar hunturu da yashi, su haɗu su riƙa goge ƙarfe daga ciki. Abin da ya dace shi ne a wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Ana gane ta ƙare da ma'auni: gaɓoɓi 20 na sabuwar sarƙa, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa, santimita 25.4 ne. In awon ya kai 25.6, a canza ta. Wanda ya yi jinkiri zai sayi sarƙa da faranta gaba ɗaya, domin tsohuwar sarƙa tana cinye haƙora.

Birki da firam

Birkin sanda na baƙin keke yana daɗewa, kuma kowane mai gyara ya san shi, amma a kan rim na ƙarfe mai sheƙi yana sulɓi da damina. Birkin waya mai matse rim daga gefe biyu ya fi kamawa, robarsa kuma tana samuwa. Birkin faifai shi ya fi ƙarfi a gangaren dutse, kuma iri biyu ne: mai waya da mai ruwa. Mai ruwa ya fi taushi a hannu, amma in ya yi yoyo a Mazamni ko Albarkaram, gyaransa sai da man da ya dace da kayan aiki na musamman. Wasu kamfanoni da wani mai na musamman suke aiki, wasu da irin man birkin mota, kuma in aka musanya su robobin ciki suna lalacewa. Mai tafiyar karkara ya tsaya ga mai waya.

Firam na ƙarfe in ya tsage, mai walda na bakin kasuwa zai ɗinke shi. Na alminiyam yana buƙatar walda ta daban. Na kabon, wanda manyan ƴan tsere ke hawa, yana iya tsagewa a ciki ba a gani ba, don haka sayensa a gwanjo kasada ce. Mai sayen keken gwanjo ya duba ƙarƙashin mahaɗar firam kusa da wuya: in fenti ya tattare ko ya tsattsage a nan, keken ya taɓa yin karo. Ya girgiza wili da feda gefe da gefe. In suna motsi, boris ya ci. Fok mai sifirin na araha kuwa, nauyi yake ƙarawa, ƙura ta shige shi ya daskare. Sandararren fok na ƙarfe da taya mai faɗi sun fi shi aiki a hanyoyinmu.

Akwai gyaran da ba ya cin ko dala. A ɗaga sirdi har in mahayi ya aza dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarsa ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya. Kada dai a ja sandar sirdi ta wuce layin da aka zana a jikinta.

Jabu da mai gyara

Sarƙoƙi da faranta na jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwannin duniya, namu ma ba su tsira ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In ka ga suna babba da farashi ƙarami, ka yi shakka. Mafi sauƙin kariya shi ne ka je kasuwa tare da mai gyaran da zai ɗaura maka kayan, ko ka ɗauki tsohon a hannu a gwada da sabon. Shi ya san irin tub ɗin da ke dawo masa bayan mako guda, da irin wanda ke shekara.

Ga mai ɗan kuɗi a hannu, jerin kashe su shi ne: taya da tub masu kyau tukuna, sannan a gyara wili, sannan robar birki da wayoyinsa, sannan sarƙa da giyar da ta dace da kayansa. Bayan su sai fitila ta gaba da ja ta baya, da hular kwano, musamman ga mai bin kwaltar Mirya ko ta Tanut inda manyan motoci ke wucewa da dare. Ado shi ne na ƙarshe. Masu shigo da kekunan gwanjo kuma su ji tsoron Allah su riƙa haɗo su da tayoyi da sarƙoƙin da suka dace da su, kada a sayar wa talaka abin da ba shi da kayan gyara a duk faɗin jihar. Kai kuma mai saye, kafin ka taya keke, karanta lambar da ke gefen tayarsa, ka tambayi mai gyaran garinku ko yana da irinta.