Tashe: Nasihar da Ke Sanye da Gemun Auduga

Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan manna gemun auduga su bi gidaje suna kwaikwayon tsoho ko mai maganin ƙarya. Mukan yi dariya mu miƙa sadaka, alhali a bakin yaro ake gaya wa marowaci da azzalumi abin da babba ke tsoron furtawa. Suratul Hujurat ta hana izgili, shi ya sa tashe na gari hali yake suka, ba ya kama suna.

Wannan dabara ba tamu ce mu kaɗai ba. A Iran, a 1968, zamanin Shah, Bijan Mofid ya shirya wasan Shahr-e Qesseh, wato Birnin Tatsuniya, inda dabbobi ke magana. Giwa ta shigo gari, aka datse mata hanci, aka sauya mata suna, har ta rasa kamanninta. 'Yan kallo sun gane inda aka dosa.

A Kano, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari. A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum kuwa, ba a bukatar sanarwa: tsoron 'yan bindiga ke mayar da yara gida tun kafin isha'i.