Zanen da Ya Zama Shaidar Mallakar Gaɓar Teku

An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu su san yadda wata al'umma ta kāre ƙasar kakanninta da zane.

A arewacin Ostareliya, a ƙasar Arnhem, akwai wata kabila da ake kira Yolngu. Suna cikin mutanen ƙasar na asali, watau Aborijin, waɗanda Turawa suka tarar. Kowace zuriya a cikinsu tana da nata zane, wanda take gāda daga kakanni, kamar yadda tsagar fuska kan nuna asalin mutum. Sukan yi shi a ɓawon itace da jar ƙasa da farar ƙasa. Zanen yana faɗin wanda ya mallaki wannan mashigin ruwa ko wancan tsibiri, ba kuwa mai zana na wani sai da izini.

A 1963 mutanen Yirrkala suka ji an ba kamfani ƙasarsu don haƙar ma'adini, ba a shawarce su ba. Sai suka aika da kukansu majalisar dokoki a Kambera, an manna takardar a ɓawon itace, zanensu ya kewaye ta. Ba su ci shari'ar da ta biyo baya a 1971 ba, amma a 1976 aka kafa doka wadda ta mayar wa Aborijin ƙasa mai yawa a lardin arewa.

Saura teku. A 1996 aka tarar da zangon masunta 'yan fasa-ƙwauri a Garranali, wurin da zuriyar Madarrpa ke girmamawa, har an yanke kan kada an yar, alhali kuwa kada kakansu ne a wurinsu. Maimakon faɗa, dattawa suka yi shawara a zana dokar ruwansu kowa ya gani. Mutum 47 suka yi zane 80, waɗanda ke ajiye a gidan kayan tarihin teku a Sidni. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Blue Mud Bay: wurin da teku ke rufewa in ta cika, ta bari in ta janye, na masu ƙasa ne. Masunci ba ya shiga sai da yardarsu.

Wasu hukumomi sukan sa zanen Aborijin a littattafansu na ƙa'idar shawara da jama'a. Ladabin abin shi ne a nemi mai zane daga mutanen wurin, a biya shi, a rubuta sunansa da ma'anar zanen, kada kuma a sāke amfani da shi sai an tambaya. In an ƙawata bangon littafi da zane, amma ba a zauna da dattawa ba, aikin banza aka yi.

Hakimi da malaminsa sun san rigimar iyaka da ta wurin su. Shaidar mallaka ba a takarda kaɗai take ba. A tambayi masu wuri tun kafin a fara aiki.