Tsarin rubuta motsi a wasan backgammon

Tsarin rubuta motsi a wasan backgammon hanya ce ta taƙaita abin da ɗan wasa ya buga ta amfani da lambobi da alamomi, domin a adana wasan kuma a iya nazarinsa daga baya. Backgammon wasan allo ne na mutum biyu, kowanne da 'ya'ya 15, ana bugawa da dayis biyu irin na ludo. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ɗan wasan Amurka Paul Magriel ya yayata a littafinsa mai suna Backgammon na shekarar 1976.

Tsarin lambobi

Allon yana da gidaje 24. Kowane ɗan wasa yana ƙirga su ne daga ɓangarensa, yana tafiya daga gida na 24 zuwa na 1, saboda haka gida na 24 a wurinsa shi ne gida na 1 a wurin abokin karawarsa. Ana fara rubuta abin da dayis ya bayar, sai gidan da ɗa ya tashi da wanda ya sauka. Misali, 31: 8/5 6/5 na nufin dayis ya ba da 3 da 1, ɗa guda ya tashi daga 8 zuwa 5, wani kuma daga 6 zuwa 5.

Alamar tauraro, kamar a 13/7*, tana nuna an kama ɗan abokin karawa. Ana rubuta bar/22 idan ɗan da aka kama ya dawo allo, da 5/off idan an fitar da ɗa. Idan 'ya'ya biyu suka yi tafiya iri ɗaya sai a rubuta 13/7(2).

Nactation

Ɗan wasan Amurka Nack Ballard ya ƙirƙiro wani tsari mafi gajarta da ake kira Nactation, inda harafi ɗaya ke biyo bayan lambobin dayis. P na nufin kafa gida da 'ya'ya biyu, don haka 31P daidai yake da 8/5 6/5. R na nufin gudu da ɗan baya, kamar 65R wato 24/13. D na nufin sauko da 'ya'ya daga gida na 13, kamar 43D wato 13/10 13/9. S na nufin raba 'ya'yan baya biyu tare da sauko da ɗa guda, kamar 32S wato 24/21 13/11. An fi amfani da tsarin wajen nazarin buɗe wasa.

Auna ingancin motsi

Daga wasan ces aka aro alamar ! don motsi mai kyau, ? don kuskure, da ?? don babban kuskure. Tun bayan da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya samar da manhajar TD-Gammon a 1992, kwamfuta ta zama ma'aunin da ake dogaro da shi. Manhajoji irin su GNU Backgammon da eXtreme Gammon suna ba kowane motsi ƙima, wato matsakaicin makin da ake sa ran ɗan wasa zai ci ko ya rasa daga wannan matsayi, sannan su jera motsin daga mafi kyau zuwa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin motsin da aka buga da mafi kyau ita ce girman kuskuren. eXtreme Gammon tana tattara waɗannan kurakurai ta fitar da lambar da ake kira PR, kuma iya ƙanƙantar lambar iya ƙwarewar ɗan wasan.