Zaren da Ya Tsinke a Gangaren Dutsen Atina

Wajajen shekara ta 632 kafin haihuwar Annabi Isa, wani ɗan manyan gida mai suna Sailon ya yi niyyar ƙwace mulkin birnin Atina da ƙarfin tuwo. Yana da abin taƙama, don ya taɓa cin gasar tsere a Olimfiya, ga shi kuma surukin mai mulkin Megara, wanda ya tara masa mayaƙa. Ya haye Akorofolis, dutsen da ke tsakiyar gari, yana jiran jama'a su yi masa mubaya'a. Maimakon haka sai mutane suka baro gonakinsu suka yi wa dutsen ƙawanya. Abinci ya ƙare, ruwa ya ƙare. Sailon da ɗan'uwansa suka sulale, suka bar mabiyansu da yunwa.

Waɗannan bayin Allah suka zauna a gindin bagaden allahiya Atena suna neman mafaka. A al'adar Girkawa, wanda ya fake da abin bauta ya zama amanarsa, taɓa shi jawo wa kai la'ana ne. Megakilis, shugaban mahukuntan wannan shekara, ya lallashe su su sauko a yi shari'a. Ba su yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, sai suka yi wata dabara da har yau take sosa mini rai. Marubuci Fulutak ya ce zare suka ɗaura a jikin gunkin allahiyar, suka riƙe shi suna gangarowa, don kada su rabu da kariyarta ko da taku ɗaya. Mutanen da yunwa ta kusa kayarwa, kowa hannunsa a kan siririn zare, ransa duka yana rataye a nan.

Suna isowa kusa da wurin bautar allolin ramuwa, zaren ya tsinke. Nan take Megakilis da mutanensa suka ce ai allahiya ce ta yi watsi da su. Waɗanda ke fili aka jefe su da duwatsu, waɗanda suka ruga bagadai aka yanka su a kai. Ba wanda ya tsira sai wanda ya samu ya roƙi matan mahukuntan. A ganina, laifin ya ninka: sun ci amana, sannan sun ari bakin abin bautarsu sun ci masa albasa.

Daga ranar aka laƙaba wa zuriyar Megakilis, wato gidan Alkimiyon, sunan la'anannu. Bayan wasu shekaru aka zaunar da alƙalai 300 daga manyan gari, suka yanke hukuncin korar masu rai. Matattun ma ba a ƙyale su ba, an tone ƙasusuwansu an watsar a bayan iyaka. Aka ɗauko Efimenidis daga tsibirin Karita ya tsarkake garin.

Zuriyar ta dawo, ta yi arziki, ta yi mulki, amma tabon bai goge ba. A shekara ta 508, Sarkin Sparta Kiliyomenis ya tono maganar, ya kori gidaje 700. A 432 kuwa, ana gab da babban yaƙi tsakanin Sparta da Atina, Spartawa suka aiko wa Atina cewa ta kori la'anar allahiya daga cikinta. Kowa ya san Firikilis suke nufi, jagoran birnin, wanda mahaifiyarsa Agariste 'yar wannan gida ce. Shekara 200 ke nan da tsinkewar zare. Mutanen Atina suka mayar musu da cewa su ma su wanke tasu la'anar, ta bayin da suka janye daga haikalin Fosaidon a Tainaro suka kashe. Annoba ta faɗa wa Atina a 430, ta tafi da Firikilis a 429.

A shekarar 2016 ta zamaninmu, masu haƙar kayan tarihi a Faliro, gefen teku kudu da Atina, suka sanar da gano ƙwarangwal kusan 80 a jere, da yawansu da marin ƙarfe a wuyan hannu, wasu hannuwansu a ɗage sama da kai. Tukwanen da aka samu a wurin na tsakanin 650 zuwa 625 kafin haihuwar Annabi Isa ne, abin da ya sa wasu masana suka tuno da mutanen Sailon. Yawancin ƙwarangwal ɗin na samari ne, haƙoransu ma ba su lalace ba.