Wace Wuta Ta Dace Da Rumfar Shanu Lokacin Hunturu?

Duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa sai maganar rumfa ta taso a tsakaninmu, musamman mu masu sauke dabbobi a Faraku da Jugu. Wani ya ce a sayi hita, wani ya ce gas, wani kuma ya ce ai itace ya ishi kakanninmu tun zamanin da ayarin goro ke yada zango a Jugu a hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja. To, bari mu duba maganar a tsanake kafin wani ya ɓarnatar da kuɗinsa, ko ma abin da ya fi kuɗi.

Da farko mu tuna irin ginin da muke magana a kansa. Dirkoki ne aka kafa, aka ɗora kwano ko ciyawa a sama, gefe a buɗe. Ba kullum ake kwana ciki ba, sai daren jajiberin kasuwa, kamar ta Tourou ko ta Kolokonde, ko kuma in ana jiran mota ta zo ta yi lodi zuwa Kwatano ko iyakar Cikanda. Sanyin kansa daga Disamba ne zuwa Fabrairu, kuma daga tsakar dare zuwa hantsi, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da 20. Da rana kuwa ya haura 30. Wato dai 'yan darare ne a shekara. Wanda ya ce zai ɗumama iskar rumfa irin wannan, ɗibar ruwa yake da kwando, domin zafin sama yake tashi, kwano ya sake shi, iska ta kwashe sauran.

Sannan wa ake ɗumamawa? Babban sa ba ya bukatar wutarmu. Zafin jikinsa wajen 38 da rabi ne, kuma tumbinsa kamar murhu yake, muddin ya ci ya ƙoshi yana tuƙa, ciyawar da ke narkewa a ciki tana ba shi ɗumi. Abin da ke karya dabba shi ne yunwa da gajiyar tafiya da iska mai bugun ta kai tsaye. Saboda haka kuɗin da za a kashe wa shanu a kan wuta, gara a sayi harawa da angurya a ba su da yamma, ga ruwa wadatacce. Masu bukatar kulawa su ne 'yan maruƙa, da ramammu, da kuma yaranmu masu kora da gadi, waɗanda ke kwana a ƙasa da 'yar riga ɗaya alhali mu muna masauki cikin gari. Wannan kam laifinmu ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Aikin farko tare iska ne. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, don haka zana za a ɗaura a gefen arewa da na gabas, a bar kudu da yamma a buɗe. Amma kada a ce tun da zana ta yi amfani bari a rufe ko'ina ruf da tamfol. Dabbobin da muka haɗo daga garke daban-daban, in aka cushe su wuri guda babu iska, numfashin wannan na shiga hancin wancan, ta nan ciwon huhu ke yaɗuwa. Ga kuma zarnin fitsari da ke sa su tari. Mutum ya tsere wa sanyi ya kai shanu Legas suna tari, ina ribar?

Yanzu ga wutar kanta. Hitar lantarki mu cire ta a lissafi. Mai cin kilowat 2 in ta yi awa 8 ta sha kilowat-awa 16 a dare ɗaya, kuma ƙaramin janareton nan da muke kunna ƙwai da cajin waya, wanda ƙarfinsa bai kai kilowat 1 ba, ba zai ɗauke ta ba. In aka kawo babba, sai an ajiye jarkokin kpayo kusa da harawa. Ba mu manta da gobarar ma'ajiyar man fetur ta Seme-Krake ba a watan Satumba na 2023, wadda ta ci fiye da mutum 30, Allah ya jiƙansu. Gas kuwa yana da tsabta, amma tukunyar da za ta yi wata tara a ajiye ba mai duba tiyonta, ga ɓera ga ɓarawo, ba ta dace da wurin da ba mai zama kullum ba.

Saura itace da gawayi, waɗanda ko mun so ko mun ƙi su yaran za su hura. Itace a haƙa masa rami a waje, ta gefen da iska ke fita, wato kudu maso yamma, taku goma ko fiye daga rumfa da tarin ciyawa, don tartsatsi ya yi gaba. A kewaye ramin da duwatsu, a ajiye bokitin ruwa da na yashi. A hunturu komai a bushe yake, rufin ciyawa ba ya jiran mutum ya je rafi, kuma saniyar da ke ɗaure a turke ba ta da wurin gudu.

Gawayi shi ne wanda muka fi jin tsoro, domin ba ya nuna kansa. Ba harshen wuta, ba hayaƙi sosai, sai mutum ya ga ai lafiya lau ne ya jawo kasko cikin ɗan ɗakin mai gadi ya rufe ƙofa. Alhali kuwa garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba zai ji komai ba, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Haka hayaƙin janareto yake, haka na mota in direba ya bar inji a kunne ya kwanta a wurin da aka rufe. In aka ga mutum a wannan hali, a fito da shi sarari nan take a nufi asibiti, kada a tsaya shafa masa mai ko ba shi nono.

Abin da muke ba da shawara shi ne dabarar da iyayenmu mata suka daɗe da sani a gadon mai jego: a ɗumama wurin kwanciya, a kashe wuta. A gasa duwatsu ko jan bulo a wutar waje, a naɗe su da buhun algarara, a sa wajen ƙafafu. Amma ban da dutsen da aka tsamo a rafi, yana iya fashewa cikin wuta. A ɗaga makwanci daga ƙasa da katako ko ciyawa mai kauri, a ba kowane yaro bargo da hular sanyi daga gwanjon kasuwar Arzeke. 'Yan maruƙa a ware musu lungu bayan zana da busasshiyar shimfiɗa.

Muna roƙon shugabannin kowane zango su sa mutum ɗaya ya riƙa zagayawa bayan sallar lisha, ya tabbatar babu kasko a cikin ɗaki, kuma kuɗin barguna a fitar da shi daga asusun ƙungiya tun watan Nuwamba.